Malam Harisu da Masu Karanta Masa

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a Baure a shekarun farko na ƙaddamar da Shari'a, in ka ambaci Malam Harisu, abin da zai fara tunawa shi ne rubutunsa a allo. Baƙaƙe ne dogaye, a tsaye, kowanne da sararinsa, har malamin da zai shiga aji bayansa yakan ji nauyin gogewa. Hausa yake koyarwa, wani zangon kuma a haɗa masa da nazarin zamantakewa idan malamai sun yi ƙaranci. Siriri ne, baƙi, mai ɗan gemu a haɓa, kullum bakin aljihun kaftaninsa fari fat da garin alli.

A wani ƙauye gabas da Baure aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa gero da wake yake nomawa, yana kuma turke raguna don babbar salla. A cikin 'yan'uwansa shi kaɗai ya wuce firamare, shi ma don wani kawunsa da ke zaune a Daura ya ɗauke shi ya riƙe. Ya yi kwalejin horon malamai, ya koyar a firamare a Dutsi shekaru da dama, a can kuma ya auri Shatu, 'yar wani mai sayar da hatsi. Daga baya ya ƙaro karatu, aka mayar da shi sakandare kusa da gida. Lokacin da kowane malami ke fafutikar sayen babur, shi yana nan da kekensa. Cewa yake yi a kan keke mutum yana iya amsa gaisuwa yadda ta kamata.

Karatu bai taɓa ba shi wahala ba. Tun yana ƙarami, in ya ga takarda a ƙasa, ko da wadda aka ƙunshe ƙosai ce, sai ya ɗauka ya karanta. Wannan ne ma ya sa bai taɓa gane yadda yaro zai gama firamare, ya shigo sakandare da shekara goma sha huɗu, amma a nuna masa layi ɗaya ya tsaya yana kallon takarda kamar an miƙa masa dutse ba. Ba mugu ba ne, ba kuma mai yawan duka ba. Abin da ya ɗauka kawai shi ne lalaci ne, ko kuwa iyaye ne suka bar gona da talla suka cinye yaran.

A shekarun nan ajujuwa sun cika maƙil. An matsa wa iyaye su kai yara makaranta, sun kuwa kawo. Maza a gefe guda, mata da fararen hijabansu a ɗaya gefen, benci ɗaya ya ɗauki mutum biyar. A kowane aji kuma akwai 'yan baya, waɗanda aka riƙa turowa daga aji zuwa aji ba tare da sun iya karanta ko da sunan garinsu ba. Dabarar da makarantar ta yi musu ita ce ajin gyara. Ranar Litinin a asambuli sai a karanto sunayensu, a ce su tsaya bayan an tashi. A raba musu littafin aji ɗaya na firamare, mai hoton akuya da agwagwa, ga su nan samari har wasu sun fara gashin baki, a sa su rera "ba, be, bi, bo, bu" da ƙarfi. 'Yan firamaren da ke wucewa gida kan leƙo ta taga su amsa musu, su ruga suna dariya. Kafin tsakiyar zango ajin ya watse. Malam Harisu ne ke riƙe da ajin, kuma duk lokacin da shugaban makaranta ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, ba sa so ne."

Ciwon idon a hankali ya zo masa, ba zafi, ba ja. Da farko gefe-gefe ne suka fara ɓacewa. Mutum zai taho ta damansa bai gan shi ba sai ya yi sallama. Wata safiya amalanken shanu ya fito daga lungu, Malam ya yi karo da shi ya faɗi, ya kuje gwiwa. Ya ce wa mutane birki ne ya ƙi kamawa. Tun daga ranar ya daina hawa keken, sai dai ya tura shi zuwa makaranta ya turo shi gida, don riƙe kan keken yana ba shi ƙarfin gwiwar tafiya. Ya sayi tabarau a kasuwa, ya sake wani, babu wanda ya yi amfani. Daga nan sai wani hazo ya fara sauka a kan takarda. Baƙaƙen da ya saba da su tun yarinta suka riƙa narkewa suna shiga juna.

Bai faɗa wa kowa ba. Tsoro yake ji, don bai san abin da zai zama ba idan ba malami ba. Allah ya taimake shi littattafan da yake koyarwa duk ya haddace su, saboda shekarun da ya yi yana maimaita su. Sai ya riƙe littafi a gabansa yana karantowa da ka. Idan aka zo wurin da ya yi shakka, ya ce, "Amatullah, ci gaba daga nan," wata yarinya ce mai ƙoƙari da ke zama a bencin gaba. Kiran suna ya miƙa wa monita. Rubutun allo kuwa hannunsa ya riga ya san hanya, sai dai layukan sun fara gangarowa ƙasa. Haka ya yi kusan zango biyu, kullum gabansa na faɗuwa.

A aji biyu akwai wani yaro Munzali, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda ya fi kowa shekaru a ajin. Mahaifinsa dillalin dabbobi ne, shi kuma yakan raka shi kasuwa. Sunansa ne kan fara fitowa a jerin 'yan ajin gyara, shi ne kuma kan fara gudu. Wata Alhamis bayan an tashi, Malam na tura kekensa a cikin yashi, rana na dukan kai, sai ya ji takun mutum a bayansa.

"Malam, kawo in tura maka."

Ya gane muryar. Ya ce, "Bar shi, Munzali, na gode."

Yaron bai tafi ba. Suka jera suna tafiya har suka wuce injin niƙa. Can sai Munzali ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, in faɗi wata magana, ba za ka ji haushi ba?"

"Faɗi."

"Na lura ba ka juya shafi sai Amatullah ta juya nata."

Malam ya tsaya cik. Ya ji kamar an kwara masa ruwan randa a ka.

Munzali ya yi sauri ya ce, "Wallahi ban faɗa wa kowa ba. Ni ma haka nake yi. Tun ina aji uku na firamare."

Akwai wata darbejiya a bakin hanya. Malam ya jingine keken a jikinta, ya zauna a kan saiwa, ya ce wa yaron ya zauna. Da yaron ya zauna, Malam ya ce, "Sai kuma me kake yi?"

Munzali ya fara lissafo masa, da farko yana jin kunya, daga baya har yana ɗan murmushi. In ana karatun baki ɗaya, sai ya riƙa motsa leɓe. In ana bi layi-layi, da ya ga an kusa zuwa kansa sai ya nemi izinin zagayawa. Wani lokaci ya ce ya mance littafi a gida, alhali yana cikin rigarsa. In wani ya karanta sakin layi, ya haddace farkonsa ko da za a ce ya maimaita. Malam na saurare, kowace dabara aka faɗa sai ya ji ta a jikinsa, don kusan duka ya yi su a cikin watannin nan. Ya san kuma abin da yaron bai faɗa ba: gajiyar da mutum ke kwasowa gida bayan ya wuni yana ɓoye abu ɗaya.

Ya ce, "To, idan ka kalli takardar, me kake gani?"

Munzali ya ɗago kai. Babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya ce, "Ina ganin baƙaƙen, Malam. Da yawansu ma na san sunansu. Amma kafin in haɗa na farko da na biyu an wuce ni. In na kai ƙarshen kalma na mance farkonta. Sai in ji ana jira na, sai zufa ta karyo mini, shi ke nan kuma ba na ganin komai."

Malam ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru yana cewa ba sa so.

Da la'asar, bayan ya dawo daga masallaci, ya sami Shatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Maman Khairi, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ta idon?"

"Kin sani?"

"Tun damina, Malam. Wa kake tsammani ya ɗauke turmin daga hanya? Wa yake ajiye maka buta a wuri ɗaya kullum? Na hana yara barin takalma a ƙofar ɗakinka." Ta ajiye rariyar. "Jira nake ka faɗa da bakinka. Ban so in riga ka ba."

Satin da ya biyo baya ƙaninta ya raka shi asibitin ido a Kano. Likita ya duba, ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin jijiyar. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya ba shi maganin ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya rage. A mota, a hanyar dawowa, har suka wuce Kazaure Malam na cikin tunani. Abin mamaki, ba makantar yake tunani ba. Maganar Munzali ce ke ta yi masa yawo a ka.

Ranar Litinin ya shiga ofishin shugaban makaranta, Malam Abdulrazak, mutum mai faɗa amma mai tausayi. Ya gaya masa komai. Malam Abdulrazak ya yi salati, ya daɗe yana jajantawa, sannan ya ce kada ya yi maganar ajiye aiki tukuna, za a nema masa abin da zai iya.

Malam Harisu ya ce, "Na riga na samo, ranka ya daɗe. Ka bar mini yaran ajin gyara. Amma a daina kiran sunansu a asambuli, a daina kuma kiransa ajin gyara. A ce Malam Harisu idonsa ya yi rauni, yana neman masu karanta masa. Ni zan zaɓe su da kaina."

"Masu karanta maka? Malam, ai su ne ba su iya ba."

"Na sani. Waɗanda suka iya sauri za su yi, ni kuwa yanzu ba inda nake sauri."

Ya roƙi kuma a sa abin a cikin lokacin makaranta, ba bayan an tashi ba, don a lokacin yunwa ta kama su, wasu gona na jiran su, wasu Islamiyya. Malam Abdulrazak ya yi ta jujjuya jadawali yana ƙorafi, daga ƙarshe ya ba shi lokacin da ke bayan hutun tara, da wani ɗan ɗaki kusa da ofishin malamai inda ake tara karyayyun bencina. Saboda 'yan mata, aka haɗa shi da Malama Hasana, wata matashiyar malama da ba ta daɗe da fara aiki ba, ta riƙa zama tare da su tana duba littattafan ɗalibanta.

Biyu-biyu ko uku-uku suke zuwa. Farkon abin bai yi daɗi ba. Malam ya sa wani direba yana kawo masa jaridar Hausa daga Katsina, ya miƙa wa Munzali ya ce ya karanta masa kanun labarin farko. Aka kwashe lokacin gaba ɗaya ba a gama layin ba. Sai dai wani abu ya bambanta da da. A da, in yaro ya tsaya, Malam kan faɗa masa kalmar nan take, a wuce. Yanzu ba ya ganin kalmar, ba shi da abin faɗa. Sai ya ce, "Gaya mini baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, mu nemo ta tare." Yaro ya faɗi baƙi, Malam ya furta sautinsa, yaro ya faɗi na gaba, su haɗa. In abin da ya fito ba shi da ma'ana, Malam ya ce, "Anya? Ni dai ban san wannan kalmar ba. Sake duba mini." Ba gatse yake yi ba, da gaske bai sani ba, yaran kuma sun gane haka. Babu ido a kansu, babu mai jira yana buga ƙafa. In Munzali ya yi shiru mai tsawo, Malam sai ya jingina da bango yana jan carbinsa, kamar wanda ke jiran ruwa ya tafasa.

A wannan sauraron ne ya gano cewa yaran da ya yi shekaru yana zubawa a kwando ɗaya, kowannensu da inda ya maƙale. Wani yaro Audi, ashe ya sauke Alƙur'ani, yana kuma karanta ajami tiryan-tiryan, bokon ne kawai ba wanda ya taɓa nuna masa cewa aikin da fataha da kisira ke yi a can, shi wasula ke yi a nan. Da aka nuna masa, wata guda bai cika ba ya wuce kowa. Wani kuma, da Malam ya ji yadda numfashinsa ke bugun takarda saboda kusantar da ita da yake yi, sai ya aika aka kira mahaifinsa ya ce a kai shi a duba idonsa.

Jaridar dai ta ci gaba da ba su wahala, labaranta kuma ba su dame su ba. Wata rana Munzali ya gaji ya ajiye ta. Malam, don ya ɗan sassauta masa, ya ce, "Bar ta. Gaya mini, in mutum zai sayi rago, yaya zai gane mai kyau?"

Sai ga Munzali ya zama wani mutum daban. Ya gyara zama, ya shiga bayani: yadda ake buɗe baki a duba haƙora, yadda ake taɓa gadon baya da gindin wutsiya a ji ko akwai nama, yadda ake gane wanda aka ɗura wa ruwa da gishiri don cikinsa ya fito. Malama Hasana ta ajiye jan bironta tana saurare. Malam ya ce, "Malama, don Allah rubuta mana wannan, yadda ya faɗa, da manyan baƙaƙe."

Washegari aka miƙa wa Munzali takardar. Ya fara a hankali, yana haɗa baƙaƙe kamar kullum. Da ya kai layi na biyu sai ya tsaya.

"Malam, ai maganata ce."

"Taka ce. Ci gaba, ina son in ji yadda ake yi da wutsiyar nan."

Ya karanta har ƙarshe. Ya yi tuntuɓe a wurare da yawa, amma da yake ya san inda maganar ta nufa, bai ɓata ba. Da ya gama ya ce ko zai iya tafiya da ita gida. Daga ranar aka ajiye jarida. Kowane yaro ya riƙa faɗin abin da ya sani, Malama Hasana na rubutawa: yadda ake ɗinke tayar babur, yadda ake kafa rumbu, yadda ake tsallaka iyaka a je gaida kaka a Nijar. Sai su yi musanya, kowa ya karanta wa Malam na ɗan'uwansa, mai labari na gefe yana gyara masa.

Wadda ta fi daɗewa ba ta buɗe baki ba ita ce Sumayya, wata 'yar siririya da ke zama a ƙarshen bencin mata. Takan zo, ta gaishe su da kai, ta zauna ta riƙe takarda, shi ke nan. Makonni suka wuce a haka. Malam bai matsa mata ba, sai dai kullum in za a tashi ya ce, "Sumayya, na gode da zuwa." Wata rana da sauran suka fita, Malama Hasana ta raɗa masa cewa ta lura idon yarinyar na bin layi daidai, har leɓenta na motsi. Da aka bincika, ashe i'ina gare ta. Tun a firamare, duk lokacin da aka tashe ta karatu sai ta maƙale a baƙin farko, aji ya fashe da dariya, har ta yanke wa kanta cewa gara a ce ba ta iya ba.

Malam ya tambaye ta, "'Yata, a Islamiyya in kina tilawa, kina maƙalewa?"

Ta girgiza kai. Malama Hasana ta ce, "Ta ce a'a, Malam."

"To karanta mini wannan da irin jan muryar da kuke rera waƙen Islamiyya. Kada ki damu da yadda zai fita. Ni da Malama ne kawai."

Sumayya ta ɗaga takardar. Sannan wata siririyar murya ta fito, tana rera bayanin yadda ake kafa rumbu kamar waƙe, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Da ta kai aya ta ƙarshe sai ta kifa kai a cinya ta fashe da kuka. Malama Hasana ta rungume ta. Malam ya juya fuskarsa wajen bango, ya daɗe yana goge ido da hannun riga, yana cewa maganin ɗigawar nan ne ke sa shi hawaye.

Ba duka aka samu ba. Akwai wani yaro Sada da ya fara kamawa sosai, sai yayansa ya zo daga kudu ya tafi da shi sana'ar acaɓa a tsakiyar zango. Malam ya sa aka raka shi har gidansu ya roƙi mahaifin, amma an riga an gama magana. Wannan ya daɗe yana damun sa. Wasu malaman kuma sun yi ta gunaguni cewa yaran na rasa darussansu, kuma jarrabawa ai da Turanci ake yin ta, ba da labarin rago ba. Malam bai musa ba. Ya ce yaron da bai taɓa jin daɗin karanta harshen da yake mafarki da shi ba, da wuya ya yi haƙurin karanta na wasu. Sai a shekara ta biyu malamin Turanci, Malam Saminu, ya fara leƙowa, daga baya ya riƙa mayar da labaran yaran cikin sauƙaƙan jimlolin Turanci suna karanta duka biyun.

Wata safiya bayan cin kasuwar Mai'adua, Munzali ya shigo ɗakin da gudu, ko sallama bai gama ba.

"Malam! Ka san motar Alhaji Ɗanbaba, wadda ke ɗaukar mana dabbobi? Tun ina yaro nake shiga bayanta. Ashe rubutun da ke jikinta cewa aka yi, 'A Gaida Inna.' Jiya ina tsaye kawai sai na ji na karanta, ban ma yi niyya ba! Daga nan har muka isa ban bar komai ba, allunan shaguna, buhunan taki, bayan motoci. Malam, ashe duk gari rubutu ne!"

Malam ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Ya ce, "To Innar wa ake gaisarwa?"

"Na tambayi direban. Ya ce tasa ce, tana Zango."

Bayan 'yan shekaru ɗan hasken da ya rage ya ɗauke gaba ɗaya. Malam ya ci gaba da zuwa makaranta, ɗansa na kai shi a babur, har lokacin ritayarsa ya yi. Malama Hasana ce ta karɓi ɗakin, wasu makarantun na kusa ma sun aiko malamansu su ga yadda ake yi. Munzali ya gama aji uku, bai ci gaba ba, ya bi sana'ar mahaifinsa, yanzu shi ma dillali ne mai rufin asiri. Sumayya ta wuce babbar sakandare a Daura, daga nan ta yi makarantar koyon aikin lafiya. I'inar ba ta rabu da ita ba, amma ta daina hana ta magana.

Zaman gida ya yi wa Malam nauyi da farko. Khairunnisa, babbar 'yarsu, ta yi aure a Katsina, sauran yaran kuma in sun fita tun safe sai yamma. Rediyo ya zama abokin hirarsa, amma rediyo ba ya tsayawa a tambaye shi. Wata hantsi yana zaune a inuwar zaure na ciki yana ɓarar gyaɗa, sai ya ji Shatu ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da shi, da ƙarar takarda a hannunta. Ita ba ta taɓa shiga ajin boko ba, allo kawai ta yi a gidansu a Dutsi.

Ta ce, "Malam, akwai wani mai sanda a tsaye, da ciki a gabansa. Wane ne shi?"

Ya dakata da ɓarar. "Cikin yana dama ko hagu?"

"Dama."

"Sandar tana da lanƙwasa a sama?"

"A'a, a miƙe take."

"To wannan baƙin 'b' ne. Me ke biye da shi?"

"Wani ɗan dunƙulalle mai wutsiya a baya."

"Wasalin 'a' ke nan. Haɗa su."

Ta ce, "Ba." Ta yi 'yar dariya, ta jin kunya, irin wadda rabon da ya ji ta tun suna amarci. "Kada ka gaya wa yara. So nake in Khairi ta aiko saƙo a waya in karanta maka da kaina, ba sai mun jira wani ya dawo ba."

Ya ture kwanon gyaɗar gefe, ya juyo da fuskarsa inda muryarta take.

"Ba mai ji," in ji shi. "Na gaba fa, yaya kamanninsa?"